Yadda Ake Tafiyar da Makon Baƙi, Girki da Aikin Majami'a a Damagaram Lokacin Damina

Daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da makarantu suke babban hutu kuma damina ta kankama, gidajen Kirista a Damagaram sukan cika da baƙi. Abokan da aiki ya kai Yamai ko Maraɗi ko Agadas suna zuwa da iyalinsu, ɗalibai suna dawowa gida, kuma a daidai wannan lokaci ne majami'a take ƙara ayyuka saboda yara suna zaune ba makaranta. Ko da yake ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta fara aikinta na ƙasar Nijar a nan Zinder, wato Damagaram, tun 1924, Kiristocin garin ba su da yawa, shi ya sa mace ɗaya takan riƙe aiki biyu ko uku: tana cikin zumuntar mata, tana koyar da yara ranar Lahadi, wataƙila kuma ita ce ma'ajin ƙungiya. Idan baƙi suka sauka a irin wannan mako ba tare da shiri ba, tukunya takan cinye uwargida gaba ɗaya, baƙi su koma ba su sami zama da ita ba, ranar Lahadi kuma ta shiga sujada a makare, jiki duk a mace. Na tsara wannan bayani a kan gida mai mutum 7 da baƙi 5 waɗanda za su sauka ranar Laraba su tafi ranar Litinin, sai kowace uwargida ta daidaita shi da girman gidanta.

Mataki na farko: zaman shawara tun Lahadin da ta gabata

Bayan an taso daga sujada an ci abinci, ki zauna da maigida da manyan yara, ki ɗauko takarda ki rubuta ranakun mako, a ƙarƙashin kowace rana ki sa aikin majami'a da ya faɗo mata, da abincin da za a ci, da sunan wanda zai ɗauki kowane aiki. Aikin majami'a shi ake fara rubutawa, domin lokacinsa a tsaye yake, girki kuwa ana iya matsar da shi gaba ko baya. A wannan yammaci ne kuma za a kira baƙin a waya a tambaye su ko su nawa ne, da shekarun yaransu, da motar da za su shigo, da ko akwai mai hawan jini ko ciwon sukari a cikinsu. Wasu suna jin nauyin yin wannan tambaya, suna ganin kamar rowa ce, alhali kuwa ita ce take hana a dafa wa dattijo abin da ba zai iya ci ba.

Kafin ranar ta wuce, ki sanar da shugabar zumuntar mata abin da za ki iya ɗauka da abin da ya fi ƙarfinki a wannan mako. Magana ce gajeriya: “Mama, ina da baƙi daga Yamai daga Laraba zuwa Litinin. Sharar Asabar zan zo, darasin yara ma yana wuyana, amma ziyarar marasa lafiya ta Alhamis ina roƙo a ba wata ƴar'uwa.” Shugaba ta fi son ta ji haka kwana huɗu kafin lokaci a kan ta tsaya a ƙofar majami'a tana jiran wadda ba za ta zo ba. Idan kuma ke ce mai ajiyar kuɗin ƙungiya, ki ƙirga su a gaban maigida, ki ɗaure su daban ki kulle. Makon baƙi yana cin kuɗi ta hanyar da ba a zata ba, kuma jikka biyu da aka ara daga asusun zumunta da niyyar mayarwa gobe ta sha ɓata sunan mutanen kirki. A ganina wannan ƙa'ida ba ta da sassauci ko kaɗan.

Mataki na biyu: ruwa da wuta, ranar Litinin

Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san cewa ruwa ne farkon lissafi. Garin yana zaune a kan dutse, ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga rijiyoyin Gogo da Macaya a kudu da na Arunguza a arewa, kuma famfo yakan ɗauke a wasu unguwanni har cikin damina. Ki ƙiyasta lita 20 ga kowane mutum a rana, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da zai isa sha da girki da wanka. Mutum 12 ke nan suna bukatar lita 240, wato jarka 10 masu cin lita 25, kuma ya kamata a sami ajiyar kwana biyu a gida kafin baƙi su sauka. Idan jarkokinki ba su kai ba, ki ari duro daga maƙwabta tun ranar Litinin, ki kuma yi magana da mai ga-ruwan unguwarku ya san cewa a wannan mako za ki bukace shi safe da yamma, domin ranar da famfo ya ɗauke kowa nemansa yake yi, wanda ya riga ya yi masa magana shi yake fara kai wa.

Ruwan sama yana rage nauyi sosai idan an san yadda ake tararsa. Ki bar zubin farko daga indararo ya wuce, domin shi ne yake ɗauke da ƙura da kashin tsuntsaye, sa'an nan ki tara na bayansa don wanki da wanke-wanke da bayan gida. Kowane mazubi a rufe shi, saboda sauro yana ƙyanƙyashewa a ruwan da aka bari a buɗe cikin kamar mako guda. Ruwan sha kuwa a ware masa randa ko jarka tasa da moɗa ɗaya mai hannu wadda ba a sha da ita, kuma idan ba ki natsu da inda aka ɗebo shi ba, ki tafasa shi ko ki sa ƙwayar tsabtace ruwa bisa ƙa'idar da aka rubuta a takardarta, ki jira minti 30. Cikin yaran baƙi bai saba da ruwanmu ba, gudawar yaro ɗaya kuwa ta isa ta rushe shirin mako gaba ɗaya.

Batun wuta ya kasu uku. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ya shiga gidaje da yawa a garin, saboda haka ki ɗaga tukunyarki ta kilo 6 ko ta kilo 12 ki ji nauyinta, idan ta yi sauƙi a cika ta yau, kada a jira ta ƙare ana tsakiyar suya. Gas na shayi ne da ɗumame da miya. Babbar tukunyar tuwo da wake da turaren dambu a bar wa itace ko gawayi. Itacen damina kuwa sai an ɗora shi a kan bulo a ƙarƙashin rumfa, a kuma ajiye ɗan busasshen kara a ɗaki don hura wuta da safe bayan ruwan dare. Wutar lantarki takan ɗauke idan hadari ya taso da iska, don haka kada ki cika firiji da ɗanyen nama na kwana biyar. Ki daskarar da ruwa a robobi su riƙe sanyi, ki caja fitilu da wayoyi tun da rana.

Mataki na uku: masauki

A share ɗakin baƙi, a fitar da katifu su sha rana a safiyar da gari ya waye ba hadari, a wanke zannuwan gado. Maigida ko babban yaro ya hau ya duba rufi da indararo, musamman idan soro ne na ƙasa, domin yoyo da tsakar dare a kan baƙo abin kunya ne da ake iya kaucewa da kwano ɗaya na yaɓe. Kowane wurin kwana ya sami sange mai magani wanda ba shi da huji, a ɗaura shi tun kafin su zo. Watannin Agusta da Satumba su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke bin gidaje daga Yuli zuwa Oktoba suna ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi. Idan jikin yaron baƙi ya yi zafi, a kai shi likita a gwada jininsa a ranar, kada a tsaya ana jiƙe-jiƙe. Ki san wurin shan magani mafi kusa da kantin maganin da yake buɗewa da dare, ki kuma riƙe lambar ɗan adaidaita ɗaya da kika amince da shi.

Mataki na huɗu: aikin hatsi da kayan miya, ranar Talata

Ƙa'idar da nake ba kowace uwargida ita ce babban girki ɗaya a rana, sauran kuma masu sauƙi. Da safe kunu ko koko da ƙosai, ko shayi da burodi, ko ɗumamen tuwon jiya, wanda baƙin da suka daɗe a birni sukan fi murna da shi fiye da yadda ake zato. Da rana fura da nono da wani abu marar wahala, da dare tuwo ko abincin da aka ware wa ranar. Wadda ta ce sai ta yi abinci kala uku sau uku a rana don a yaba mata, ita ce ba za ta ga fuskar baƙinta ba.

Talata ranar surfe ce da niƙa. Tiya ɗaya ta hatsi, wadda take kai wajen kilo 2 da rabi, tana isar tuwon dare na mutum 12 idan da yara a ciki, saboda haka ki fitar da tiya 3 na tuwo da tiya 2 na fura da kunu. A surfa, a wanke, a shanya da wuri, a kai injin niƙa da safe tun akwai wuta. Garin damina yana saurin yin tsami da fumfuna, don haka da zarar an dawo da shi a baza shi a kan tire ya huce ya sha iska, a tankaɗe, sa'an nan a zuba a mazubi mai murfi. Ki tuna kuma cewa a wannan lokaci na kafin kaka hatsi yana da tsada, rumbunan ƙauye sun yi ƙasa, saboda haka idan akwai masara ko dawa a gida babu laifi a gauraya.

A ranar ce kuma za a daka yaji da ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari, a daka daddawa, a tankaɗe kuka, a soya gujiya a cire ɓawonta, a tsince wake da shinkafa. Wannan aiki ne na yara masu hutu, maza da mata, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗanyen tumatir yana wuya da tsada a damina, saboda haka ki jiƙa kauɗa ki niƙa ta da tattasai da albasa, ki ƙara tumatirin gwangwani, ki soya su a mai har ruwan ya ƙone mai ya taso sama. Wannan soyayyen kayan miya shi ne jarin makon: daga cikinsa za a ɗiba a yi miyar kuɓewa, a yi dafa-duka, a yi miyar shinkafa, muddin ana ɗumama shi safe da yamma kuma ana ɗiba da busasshen ludayi.

Tun daren Litinin ya kamata a ce kin buɗe Littafi Mai Tsarki kin karanta wurin da za ki koyar wa yara ranar Lahadi. Minti 15 kowane dare kafin barci ya fi awa biyu a daren Asabar ido yana rufewa. Ranar farko ki karanta, ta biyu ki zaɓi ayar hadda, ta uku ki shirya tambayoyi uku da waƙa ɗaya, ranar Asabar sai bita kawai.

Mataki na biyar: tarbar baƙi, ranar Laraba

Daga Yamai zuwa Zinder kusan kilomita 900 ne, motar da ta taso da asuba takan iso da dare, wanda ya fito daga Maraɗi kuwa yakan sauka da rana. Maigida ya je tasha da kansa ko ya aiki babban ɗa, kada a bar mai iyali da kaya yana neman kabu-kabu a cikin taɓo. Idan sun shigo gida, yara su karɓi kaya su durƙusa su gaida Baba da Mama, ke kuma ki bar duk abin da kike yi ki zauna. Ki miƙa ruwan sanyi da fura, a gaisa a tsanake, a tambayi gajiya da hanya da mutanen gida, a yi gajeriyar addu'ar godiya, sa'an nan a nuna musu ɗaki da ruwan wanka da aka riga aka kai bayi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma, kuma rabin awar nan ta farko ita baƙo yake riƙewa a ransa. Abincin daren farko ya zama tuwo mai laushi da miyar ɗanyar kuɓewa, domin cikin da ya wuni a mota ba ya son maiƙo.

Idan majami'arku tana addu'ar tsakiyar mako ranar Laraba da yamma, ku raba kanku: ɗaya ya je addu'a, ɗaya ya tsaya jiran baƙi. Idan sun iso da wuri kuma suna da ƙarfi a gayyace su, amma kada a matsa. Wani lokaci a cikin baƙin akwai aboki Musulmi. A tanadar masa buta da tsabtatacciyar tabarma, a nuna masa alƙibla da masallacin unguwa tun kafin ya tambaya.

Mataki na shida: kasuwar Alhamis da dambun zogale

Alhamis ce babbar ranar kasuwa a Zinder, ranar da mutanen ƙauyuka suke shigowa da kaji da zabi da nono da man shanu da ganye. Kasuwar Mirya, wadda take kilomita 18 daga gari, ranar Lahadi take ci, saboda haka ba za ta amfani mai zuwa sujada ba. Ki fita da sassafe zuwa Kasuwar Dole kafin rana ta take ko hadari ya haɗu, ki tafi da baƙuwarki, domin tafiyar cefane ita ma hira ce, kuma mata sukan faɗa wa juna a hanyar kasuwa abin da ba sa faɗa a gaban maza. Damina lokacin ƙwan zabi ne, ki saya da yawa, ki gwada su a ruwa: wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso a mayar. Ki sayi zogale da alayyafo da yakuwa da kabewa, da kaji ko zabi 3 masu rai waɗanda za a ajiye a akurki har Asabar. A ranar ce kuma za a ba mai alkaki saƙon tsarabar da baƙi za su tafi da ita, tun da alkakin Damagaram shi ne abin da mutanen Yamai suke fara tambaya idan an koma.

Da la'asar sai dambu, wanda ya fi kowane abinci dacewa da taron mata, domin hannuwa da yawa suna shiga aikinsa ana hira. A wanke tsakin masara ko na shinkafa kilo 2, a tsane shi a rariya, a zuba a madambaci a kan tukunyar ruwa mai tafasa, a liƙe mahaɗar da jiƙaƙƙen ƙyalle don kada tururi ya tsere. Bayan kamar minti 25 a juye a babbar roba, a yayyafa ruwa kaɗan, a murje duk gudajin da hannu ko da muciya. A nan ne za a zuba zogalen da aka tsige aka wanke sau biyu da ruwan gishiri, da yankakkiyar albasa, da jajjagen tattasai, da gishiri da dunƙulen ɗanɗano da dakakkiyar gujiya, a gauraya sosai har ganye ya shiga ko'ina, a mayar a madambaci na wasu minti 20 zuwa 25. Alamar ya nuna ita ce ƙamshin zogale ya cika gida kuma tsakin ya murje a tsakanin yatsu ba ƙwaya a ciki. A soya albasa a man gujiya a kwarara a kai, a ajiye yaji a gefe saboda yara. Kafin a kwanta a jiƙa shinkafar masa, wato waina, ta gobe.

Mataki na bakwai: Jumma'a, yawon Birni da liyafar abokai

Da ƙarfe 7 na safe a tsame shinkafar da ta kwana a ruwa, kofi 8, a haɗa ta da kofi 2 da aka dafa ta yi laushi da albasa ɗaya, a kai niƙa, a ajiye ƙullun a inuwa ba tare da yisti ba tukuna. Daga nan a fita da baƙi zuwa Birni, tsohuwar unguwar da fadar sarki take. Yaran da aka haifa a Yamai ya kamata su ga fadar Sarkin Damagaram da ragowar ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun a tsakiyar ƙarni na 19, da gidajen ƙasa masu zane a fuska, da manyan duwatsun da suke tsakanin gidaje, a kuma gaya musu cewa nan ne babban birnin Nijar daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai. A yi shiga ta mutunci, a gaida dogarai, a nemi izini kafin ɗaukar hoto. A biya wurin dukawa idan baƙi suna son jaka ko takalmi na fata, a dawo gida kafin ƙarfe 12, domin daga nan shaguna suna rufewa, hanyoyin masallatan Jumma'a kuma suna cika.

Da dawowa sai a zuba wa ƙullu yisti cokali 2 da sukari kaɗan, a rufe. Da ɗumin damina awa 3 zuwa 4 ta isa ya tashi. Idan ya yi tsami da yawa a ɗiga ruwan kanwa kaɗan, a sa gishiri, a buga shi da ludayi. Miyar taushe tana kan wuta a lokacin: nama da ƙashi, kabewa, niƙaƙƙiyar gujiya, alayyafo da ɗan yakuwa a ƙarshe. Suyar masa a fara ta da ƙarfe 4 a tanda biyu, mata biyu suna juyawa, wuta kuma ta zama madaidaiciya don kada baya ya ƙone ciki bai nuna ba. Zoɓo a dafa shi da safe da citta da kanumfari, a tace, a sa sukari sai an kusa sha, domin ba ya kwana ba sanyi.

Daren nan ne za a kira tsofaffin abokai na gari su zo su gana da baƙi. A shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, amma a share zaure ko falo a bar shi a shirye, tun da hadarin Agusta ba ya sallama. Kwanon farko na masa na maƙwabta ne, yara su kai gida-gida kafin magariba, kuma idan za a yi waƙoƙin yabo a dakata har a idar da sallar isha'i a masallacin unguwa, a kuma sassauta ganga. Zaman lafiyar da muke yi da maƙwabtanmu a wannan gari da irin waɗannan ƙananan abubuwa ake riƙe shi. Da zarar an gama rabon abinci, uwargida ta wanke hannu ta zo ta zauna a tabarma tare da kowa, wanke-wanke ya jira yara da safe. Labarin Marta da Maryamu a Luka sura 10 mun sha jin wa'azinsa, kuma a irin wannan dare ne ake aikata shi: baƙin sun yi tafiyar wuni guda ne don su gan ki, su ji muryarki, ku yi addu'a tare.

Abincin da ya rage kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, musamman shinkafa da miyar gujiya. A tafasa miya kafin a kwanta, a sake tafasa ta da asuba.

Mataki na takwas: Asabar ta majami'a ce

Girkin Asabar shinkafa da wake ne da mai da yaji, a ɗora wa babbar ɗiya ko baƙuwar da ta ce a ba ta aiki, kuma idan ta ce a ba ta, a ba ta da gaske. Ke kuwa ki tafi shara da ƙarfe 7 tare da matan da aka sa. Bayan share ɗaki da goge bencina, a duba inda rufi yake yoyo a matsar da kujeru da littattafan waƙa daga wurin, a zuba yashi a inda ruwa yake kwanciya a bakin ƙofa saboda tsofaffi, a wanke randar ruwan sha a cika ta, a wanke bayi. Ki ba sakataren ikilisiya sunayen baƙinki da majami'ar da suka fito a rubuce, don a gabatar da su daidai lokacin sanarwa. Idan kina cikin ƙungiyar mawaƙa ki je koyon waƙa da yamma, maigida ya zauna da baƙi.

Da la'asar a yanka kajin. Gidaje da yawa sukan kai wa mahauci ko maƙwabci Musulmi ya yanka, domin duk wanda aka kai wa kwano ya ci da natsuwa, kuma al'ada ce da nake goyon baya. A fige, a dafa da albasa da citta, a soya su sosai, a ajiye romon daban a tafasa shi kafin barci. A tsince shinkafa kilo 3 da rabi saboda masu biyowa gaisuwa bayan sujada, a yanka abin da za a yanka, a goge tufafin kowa tun akwai wuta, a jera takalman yara. Ki yi bitar darasinki, ki kwanta kafin ƙarfe 10.

Mataki na tara: Lahadi

Karin safe shayi ne da burodi da dafaffen ƙwan zabi, ba a ɗora babbar tukunya kafin sujada. A fara wanka da yara tun ƙarfe 6 saboda bayi ɗaya ne mutum 12, a bar gida rabin awa kafin lokaci, da lema ko leda idan sama ta yi nauyi. Yaran baƙi su shiga ajinki na makarantar Lahadi, ki tambayi sunayensu a gaban sauran, ki ba ɗaya daga cikinsu karatun ayar hadda idan ya iya. Idan ruwa ya sauko a kan kwanon rufi har murya ba ta fita, ki tara yaran kusa da ke ku yi waƙa har ya tsagaita, sa'an nan ki ci gaba da darasi. In aikin ƙirga baiko ya faɗo kanki, ku ƙirga ku biyu, ku rubuta, ku sa hannu kafin ki fita, ko da baƙi suna jira a waje.

Da komawa gida, soyayyen kayan miya da romo da nama duk suna nan, dafa-duka ba za ta wuce minti 45 ba, kafin nan ana shan fura ana gaisawa da masu shigowa. A ware kwano ɗaya na gidan fasto, da wani na marar lafiyar da ba ki sami zuwa dubawa ranar Alhamis ba, ki kai da kanki da yamma tare da baƙuwarki idan tana so.

Mataki na ƙarshe: rakiya da mayar da kayan aro

Motocin Yamai da asuba suke tashi, saboda haka a yanki tikiti tun Asabar, a ɗaure kaya daren Lahadi, a sa alkaki a mazubi mai murfi don kada ya farfashe ko ya sha danshi. Guzurin hanya ya zama abin da ba ya lalacewa: soyayyen nama, dafaffen ƙwai, burodi, da ruwa mai yawa. A taru a yi addu'ar tafiya, maigida ya raka su tasha, a kuma kira su da yamma a ji saukarsu. A ranar Litinin ɗin ce za a wanke duro da tanda da tabarmin da aka aro a mayar wa masu su da ɗan alkaki a kai, a biya mai ga-ruwa cikon kuɗinsa, a wanke zannuwa a shanya katifu, sa'an nan ki buɗe asusun zumunta ki sake ƙirgawa, ki sanar da shugaba cewa ziyarar marasa lafiya ta Alhamis mai zuwa taki ce.